TAƁIN HANKALI CUTA CE MAI MAGANI: ABIN DA BINCIKE YA GANO DA NAUYIN DA KE KANMU

Wannan shi ne matanin jawabin da wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya ya gabatar a wajen taron ƙara wa juna sani na malamai da 'yan agaji. Mun buga shi domin amfanin 'yan'uwa da ba su sami halarta ba. A sha karatu lafiya.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya kuma karrama shi da ni'imar hankali. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.



An umurce ni da in yi bayani a kan abin da binciken masana na 'yan shekarun nan ya gano game da ƙwaƙwalwa da cututtukan da ke taɓa hankali. Ni ɗalibi ne a gaban waɗannan malamai, saboda haka duk inda na taɓo hukuncin shari'a na yi kuskure, su ne masu gyara. Abin da nake fata mu tashi da shi daga wannan zama abu ɗaya ne. Idan hankalin ɗan'uwanmu ya taɓu, to ƙofar da muka fara ƙwanƙwasawa, da kuma tsawon lokacin da muka ɓata kafin mu kai shi gaban likita, su ne sau da yawa kan zama sanadin dawowarsa cikinmu, ko kuma sanadin ƙarewarsa a kan bola.

Bari in fara da abin da idona ya gani. A unguwar da na tashi akwai wani saurayi mai natsuwa, wanda ya yi nisa a haddar Alƙur'ani. Yana da kimanin shekara 20 sai barci ya ƙaurace masa, ya fara jin muryoyi suna zaginsa, ya daina cin abincin gida domin a ganinsa an sa masa guba. Nan da nan aka ce jifa ce. Aka ɗauke shi zuwa wani ƙauye wajen wani mai magani, shi kuwa ya buga ƙasa ya ce kishiyar uwarsa ce ta yi masa asiri. Aka sayar da gona, aka yanka baƙin bunsuru, aka yi ta banka masa hayaƙi, da ya yi yunƙurin gudu aka sa masa mari. Sai da ya shekara biyu a haka, ƙafarsa ta yi gyambo, sa'annan aka kai shi asibiti. Cikin 'yan makonni da fara shan magani muryoyin suka lafa. Yau yana ɗinki, yana da iyali, alhamdu lillahi. Amma karatunsa ya tafi, gonar ta tafi, kuma ɗakunan nan biyu na gidan mahaifinsa har gobe ba sa ga-maciji da juna. Ku duba, 'yan'uwa, cuta ɗaya ce, amma an yi hasarar aƙida, an yi hasarar dukiya, an yi hasarar zumunta, kuma babu ko ɗaya daga cikin ukun nan da cutar ta ci da kanta. Mu ne muka ba da su.

MATSAYIN HANKALI A WURINMU

Malaman usulu irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun bayyana cewa shari'a ta zo ne domin kare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da nasaba, da dukiya. Hankali shi ne sharaɗin ɗora wa mutum nauyin ibada, shi ya sa aka ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe. Wanda Allah Ya ɗauke wa hisabi saboda lalurarsa, da wace hujja mu za mu ɗora masa bulala? Haka kuma ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umurni da neman magani, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan zuwa wajen boka da ɗan duba.

Magabatanmu sun fahimci wannan. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi, kamar rashin ɗan'uwa ko dukiya, da wanda ke faɗo wa mutum ba tare da sanadi na zahiri ba, ya ce shi wannan na biyun daga jiki yake, yana kuma bukatar maganin jiki. Ya yi magana a kan tsoro da waswasi da yadda ake horar da tunani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana kula da masu taɓin hankali, haka ma asibitin Argun na birnin Halab da aka gina a 1354. Ibnul Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad ya kasa farfaɗiya gida biyu, ya kuma ce kashi ɗaya daga gurɓacewar jiki yake, fagen likitoci ne. Saboda haka kai mai taɓin hankali asibiti ba al'adar Turawa ba ce da muka ara. Gadonmu ne da muka yi sakaci da shi.

GIRMAN MATSALAR

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ce kimanin mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wata lalura ta hankali, wato mutum miliyan 970 a ƙididdigar 2019. A 2025 ta ce adadin ya haura biliyan 1. Mafi yawan waɗannan ba masu yawo tsirara ba ne. Masu ciwon damuwa ne da ciwon fargaba, waɗanda ke sahu ɗaya da mu a masallaci. Ita kuwa babbar cutar nan da ke sa jin muryoyi da ruɗanin tunani, wadda likitoci ke kira sikizofireniya, tana kama kimanin mutum 1 cikin 300. Ke nan garin da ke da mutum 30,000 zai iya samun masu ita kusan 100. A Nijeriya kuwa, ƙungiyar likitocin wannan fanni ta sha kokawa cewa yawansu bai kai 300 ba, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200.

CUTAR DA KE KAMA DA SHAFAR ALJANU

Yanzu bari mu shiga binciken. A shekarar 2007 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Josep Dalmau, tare da abokan aikinsa a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, suka bayyana wata cuta da ba a san ta ba kafin nan. Ina roƙon malamanmu masu ruƙya su saurari alamominta da kyau. Mafi yawa tana kama 'yan mata da matasan mata. Takan fara da ciwon kai da ɗan zazzaɓi. Bayan 'yan kwanaki sai halin yarinya ya sauya, ta daina barci, ta riƙa gane-gane da ihu da fizge-fizge. Daga nan sai magana ta sarƙe ko ta ɗauke ɗungurungum, baki da harshe su riƙa motsi da kansu, jiki ya sandare ko ya riƙa murɗewa, farfaɗiya ta biyo baya, wani lokaci numfashi ya nemi tsayawa. Ina tambaya, idan aka kawo wa ɗayanmu wannan yarinya cikin dare, me zai fara cewa?

To ga abin da aka gano. Allah Ya sanya wa jikin ɗan Adam garkuwa, wato dakarun da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. A wannan lalura dakarun ne ke yin kuskure, su juya su afka wa wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda ake kira NMDA, waɗanda ta cikinsu saƙo ke wucewa daga wannan ƙwaya zuwa waccan. A wasu matan, wani ƙari ne da ya fito a jikin ma'ajiyar ƙwai yake tayar da wannan yaƙi. Ana gane cutar ta hanyar auna ruwan da ake ɗiba daga gadon baya. Maganinta shi ne a kwantar da garkuwar jikin da allurai, a kuma cire ƙarin idan akwai shi. A 2013 an buga sakamakon bibiyar majinyata 577, aka ga cewa kimanin kashi 80 cikin 100 sun sami sauƙi sosai cikin shekara biyu, kuma waɗanda aka fara yi wa magani da wuri sun fi samun kyakkyawan sakamako.

Wannan cuta ba ta da yawa, kada wani ya fita daga nan ya ce na ce kowane mai taɓin hankali ita ke damunsa. Na kawo ta ne domin darasin da ke cikinta. Mu Musulmi mun yi imani da samuwar aljanu, akwai sura sukutum da sunansu, mun kuma yi imani da cewa ruƙya ta shari'a gaskiya ce. Ba wannan muke jayayya a kai ba. Tambayar ita ce, da wace hujja kai ka yanke cewa wannan yarinya da ke gabanka aljani ne ya shafe ta? Kafin 2007 manyan likitocin duniya ma ba su san sunan cutarta ba. Allah Ta'ala a cikin Suratul Isra'i Ya hana mu bin abin da ba mu da ilminsa. Idan alamomin da muke dogaro da su, wato ihu da sauyin murya da ƙarfin da ya wuce kima da murɗewar jiki, duk kumburin ƙwaƙwalwa kan haifar da su, to yanke hukunci da su kaɗai zato ne. Haka ma sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da saukar sukarin jini, duk sukan gigita mutum, wasunsu kuma kan kashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Farfaɗiya ma, wadda ke damun kimanin mutum miliyan 50 a duniya, hargitsin wutar da ke gudana ne a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace.

GADO DA TABAR WIWI

Abu na biyu shi ne batun gado. A 2022 mujallar Nature ta buga wani gagarumin bincike da aka gwama ƙwayoyin gado na masu sikizofireniya fiye da 76,000 da na masu lafiya fiye da 243,000. An gano wurare 287 a cikin ƙwayoyin gadon ɗan Adam da ke da alaƙa da cutar, da yawansu kuma sun shafi mahaɗar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke isar wa juna saƙo. Ma'anar wannan ita ce babu wata ƙwaya guda ta hauka da wani gida ke da ita wani gida ba shi da ita. Ɗaruruwan ƙananan bambance-bambance ne da ke warwatse a cikin dukkan jama'a, kowannenmu yana ɗauke da wasu, sai dai wani nasa sun fi yawa. Ko tagwaye masu kama ɗaya, idan ɗaya ya kamu, sau da yawa ɗayan ba ya kamuwa. Ɗan da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da cutar, a cikin goma kimanin tara ba sa kamuwa. Don haka ɗabi'ar nan ta ƙaurace wa auren 'ya'yan gida kacokan saboda an taɓa samun mai taɓin hankali a cikinsu, zalunci ne da ba shi da madogara, kuma ita ce ke sa iyaye ɓoye majinyaci a ƙuryar ɗaki har lokaci ya ƙure.

Gado tamkar busasshiyar ciyawa ne, akwai kuma abin da ke ƙyasta mata ashana. A 2019 wani bincike da Marta Di Forti ta jagoranta a wurare 11 na Turai da Barazil ya nuna cewa masu shan tabar wiwi kullum sun ninka waɗanda ba sa sha har sau uku wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, idan kuwa mai ƙarfi ce suke sha kullum, kusan sau biyar. A 2023 aka nazarci bayanan lafiyar mutum miliyan 6.9 a ƙasar Denmak, aka ƙiyasta cewa a tsakanin samari 'yan shekara 21 zuwa 30, har kashi 30 cikin 100 na masu sikizofireniya da ba su kamu ba in da ba don jarabar wiwi ba. Mu kuma a nan, binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha, ga kuma kodin da taramol. Hikimar haramta duk abin da ke gusar da hankali ta fito fili. Amma a kula, wanda ya riga ya kamu majinyaci ne, ko da shi ya jawo wa kansa. Ba ma hana mai gudun wuce sa'a ɗori don shi ya kayar da babur.

MAGANI DA ILLAR JINKIRI

Maganin farko da ya kwantar da wannan cuta an fara amfani da shi ne a Faransa a 1952, kuma kusan dukkan waɗanda suka biyo bayansa suna aiki ne ta hanyar rage tasirin wani sinadarin ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin. Suna da amfani ƙwarai, suna kuma da illa: wasu kan sa rawar hannu da sandarewar jiki, wasu kan sa ƙiba da yawan barci. Ba daidai ba ne a ɓoye wa iyalai wannan. Idan illa ta bayyana a koma wa likita ya rage ko ya sauya, kada a zubar da maganin. A watan Satumba na 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani sabon magani mai suna Cobenfy, wanda ke bi ta wata hanya dabam da ta dofamin, irinsa na farko cikin shekaru masu yawa. Yana da tsada, amma ya nuna cewa ƙofar bincike a buɗe take. Tsofaffin magungunan kuwa, waɗanda ba su da tsada sosai, su ne suka ceto saurayin da na ba ku labarinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla kashi ɗaya cikin uku na masu sikizofireniya kan rabu da alamominta gaba ɗaya.

A nan ne nake so a buɗe kunne da kyau. Nazarce-nazarce da dama da aka tattara tun daga 2005 sun haɗu a kan cewa gwargwadon daɗewar mutum cikin cutar ba tare da magani ba, gwargwadon raunin sakamakon da ake samu daga baya. A wani gwaji da aka buga a 2016, wanda ya ƙunshi majinyata 404 a asibitoci 34 na Amurka, an ga cewa waɗanda aka kama cutarsu da wuri su ne suka fi cin moriyar kulawar da aka ba su. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Watannin nan da muke kwashewa muna yawo daga wannan mai magani zuwa wancan, a cikinsu ne yaro ke rasa makaranta, magidanci ya rasa sana'a, mace ta rasa aure, cutar kuma ta ƙara kafa saiwa.

CIWON DAMUWA BA RAUNIN IMANI BA NE

Mu juya ga ciwon damuwa, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba. Alamominsa su ne baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai na tsawon mako biyu ko fiye, tare da rikicewar barci da cin abinci, da kasala, da ganin kai ba a bakin komai ba, wani lokaci da tunanin mutuwa. Mukan ce wa irin wannan mutum ba shi da tawakkali. Alhali Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma malaman sira suna kiran shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu shekarar baƙin ciki. Baƙin ciki kansa ba aibi ba ne, balle wanda ya zama cuta.

A nan ma akwai sabon bayani. An daɗe ana gaya wa jama'a cewa ƙarancin wani sinadari mai suna serotonin ne ke haddasa ciwon damuwa. A 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta a Landan suka sake nazarin hujjojin, suka ce ba su ga tabbataccen dalili a kan haka ba. Wasu masana sun yi masu raddi, ana kuma ci gaba da muhawara. Amma tun a 2018 an tattara gwaje-gwaje 522 da suka ƙunshi mutum fiye da 116,000, aka ga cewa dukkan magungunan damuwa 21 da aka auna sun fi ƙwayar da babu magani a cikinta amfani, ko da yake fifikon matsakaici ne. Darasi biyu ne a nan. Na farko, ilmin likita ilmin ɗan Adam ne, yana gyara kansa, ba wahayi ba ne. Na biyu, rashin sanin yadda magani ke aiki dalla-dalla ba ya hana shi aiki. Mai shan irin wannan magani kada ya yanke shi rana ɗaya ba da sanin likita ba.

Iyayenmu mata, ga naku. Mace 1 ko 2 cikin kowace 1,000 da suka haihu kan gamu da gushewar hankali a makonnin farko na jego. Wannan lamari ne na gaggawa, kamar zubar jini, domin ran uwa da na jariri suna cikin haɗari, kuma yana jin magani sosai. Haka nan duk wanda ya ce ya gaji da rayuwa, kada a ɗauka wasa yake yi, kada kuma a tsaya ga karanta masa hukuncin kisan kai. A zauna da shi, a kawar da guba da makami daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

ABIN DA AL'UMMA ZA TA IYA

Wani zai ce, to likitocin ma ai babu su. Gaskiya ne, kuma a nan ne binciken da ya fi faranta mini rai yake. A karkarar Rawalfindi ta ƙasar Fakistan, Atif Rahman ya horar da mata ma'aikatan lafiya na ƙauye yadda za su zauna da masu ciki da ke fama da damuwa, su saurare su, su taimaka masu gyara tunani. An buga sakamakon a 2008: wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon a cikin waɗanda aka yi wa haka, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 53 ne. A Harare ta Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata, ya ajiye masu benci a harabar ƙananan asibitoci, suna zama shida da kowane mai damuwa. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna kimanin kashi 14 cikin 100 ne suka rage da alamomin ciwon bayan wata shida, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan rabi. Mu da ke da malamai mata a kowace Islamiyya da 'yan agaji a kowace unguwa, me ya hana mu?

Na uku ya fi kusa da mu. A 2020 mujallar Lancet ta buga gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da kuma Kumasi ta ƙasar Gana. An ɗauki majinyata 307 da ke kwance a wuraren masu maganin gargajiya da masu addu'a. A wasu wuraren aka haɗa masu wurin da ma'aikatan ƙananan asibitoci, suna zuwa suna duba majinyaci suna ba da magani, a wasu kuma aka bar su kamar yadda suke. Bayan wata shida, waɗanda aka haɗa wa hannu biyu sun fi samun sauƙi ƙwarai da gaske. Tun a 1954 ma Farfesa Adeoye Lambo ya fara irin wannan a Aro kusa da Abekuta, inda majinyata ke zaune a ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani. Mu ba za mu haɗa hannu da boka ba, aƙidarmu ta raba mu. Abin ɗauka shi ne, mutumin da jama'a ke fara zuwa wurinsa, idan ya yarda ya yi aiki da asibiti, ana ceton rayuka. A cikin al'ummarmu wannan mutum shi ne liman, shi ne mai ruƙya, shi ne malamin unguwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

MARI DA TURU

Ba zan sauka ba sai na taɓo abin kunyarmu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, aka kuma sami irin haka a wasu garuruwa a makonnin da suka biyo. Iyaye ne suka kai mafi yawansu da hannunsu, suna biya, da niyyar gyara. Duniya ta ga hotunan, aka jingina su ga Musulunci, alhali Musulunci ya hana azabtar da ko da kyanwa. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyaci. Amma doka a takarda ba ta kwance mari. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can sun kai su ne domin ba su ga wata ƙofa a buɗe ba. Buɗe masu ita aikinmu ne.

SHAWARWARI

Saboda haka nake ba da waɗannan shawarwari. Na ɗaya, duk malamin da aka kawo wa wanda hankalinsa ya taɓu, ya yi masa addu'a da ruƙya ta shari'a, sa'annan ya umurci iyalinsa su kai shi asibiti a wannan mako. Idan kuwa akwai zazzaɓi, ko farfaɗiya, ko jego, ko barazana ga rai, to a wannan rana. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, dukkansu sababi ne, waraka kuwa ta Allah ce. Na biyu, kada wani malami ya ce wa majinyaci ya ajiye maganinsa, kada kuma ya ambaci sunan kowa a matsayin wanda ya yi asiri, domin wannan da'awar sanin gaibu ce da kunna wutar gaba. Na uku, babu duka, babu ɗauri, babu hana abinci da sunan fitar da aljani. Na huɗu, kowane reshe ya nemi ma'aikacin lafiya ya horar da 'yan agaji da malamai mata a kan alamomin da na lissafa, ya kuma san hanyar asibitocin wannan fanni, kamar na Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, da sassan da ke asibitocin koyarwa. Na biyar, a ware wani abu daga zakka da sadaka domin sayen magani ga matalautan majinyata, domin yankewar magani saboda rashin kuɗi na daga cikin manyan dalilan dawowar cutar. Na shida, limamai su ware huɗuba a kan wannan, a hana yara jifan masu lalura da yi masu waƙa, wanda kuma ya sami sauƙi a karɓe shi a sahu, a ba shi sana'a, a yi masa aure bisa gaskiya da bayani.

'Yan'uwa, mun ɗauki shekaru muna kira ga barin bokaye da 'yan bori da 'yan tsibbu, kuma kira ne na gaskiya. Amma uwar da ɗanta ke ihu cikin dare, idan muka rufe mata ƙofar boka ba mu nuna mata wata ba, za ta koma ta bayan gida. Cikar wannan da'awa ita ce mu riƙe hannunta mu kai ta inda za a duba ɗanta, mu kuma tsaya tare da ita har ya miƙe.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya kiyaye mana hankulanmu da imaninmu, Ya shiryi zuriyarmu, Ya sa mu cika da kyau da imani.